Man Leɓe Mai Kala: Dan Allah Mata A Riƙa Duba Abin Da Ake Zubawa Ciki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana mata, musamman 'yan mata da amaren da suka rungumi sana'ar haɗa man leɓe mai kala a gida, don abin ya yi yawa yanzu, da hunturu ya kama duk wadda ka leƙa shafinta na WhatsApp ko TikTok sai ka ga ta jera 'yan robobi, wannan ja, wannan ruwan hoda, wannan ruwan goro, an rubuta a ƙasa wai haɗin gida ne babu kemikal ko ɗigo. Ni ba hassada nake ba wallahi, nima ina haɗawa ina sayarwa a unguwarmu kuma ina samun na sabulu da na cefane, abin da ya dame ni daban ne. Duk abin da aka shafa a leɓe ƙarshensa ciki yake tafiya, ana lashewa, ana sha da ruwa, ana ci da tuwo, amma sai ka ga mai haɗawa ta kula da ƙamshi da kyan roba ta manta da tambayar ita kalar nan da me aka yi ta.

Shi man kansa ba shi da wata wahala, kuma kusan komai namu ne na gida. Fatar leɓe siririya ce kuma ba ta fitar da maiƙo kamar sauran fatar jiki, shi ya sa da iskar hunturu ta buso daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ita ce ke fara tsagewa, mutum kuma ya yi ta lasa yana ganin sauƙi yake samu alhali yawun in ya bushe ƙara busar da wajen yake. Toh abin da ake nema kawai wani abu ne da zai rufe leɓen ya hana danshi gudu. Kakin zuma cokali 1, man kaɗanya cokali 1, man kwakwa ko man zaitun cokali 2, shikenan fa. Kakin shi ke ba shi tauri ya zauna a baki, man kaɗe shi ke tausasa fata, ruwan man kuma shi ke sa ya yi santsi wajen shafawa. Wadda ba ta da man kwakwa ta sa man riɗi, man gyaɗa ma yana yi amma ƙamshin ƙuli ba kowa ke so a bakinsa ba, kuma akwai masu jikin da bai jituwa da gyaɗa.

Kakin zuma ki saya wajen masu zuma da kika sani, don akwai masu cakuɗa shi da kyandir, na gaskiya in kika murza shi a yatsa yana ɗan danƙo yana ƙamshin zuma. In saƙar zuma aka ba ki wadda aka matse, ki zuba ta cikin ruwa ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan har ta narke, ki tace da tsumma mai tsabta ki ajiye ya kwana, da safe za ki ga kakin ya taso saman ruwa ya daskare kamar faifai, dattin yana manne a ƙarƙashinsa sai ki kankare da wuƙa. Wajen haɗawa kuma kar a ɗora kwano kai tsaye kan wuta, a sa ruwa a tukunya a ɗora ɗan kwanon silba a ciki, zafin ruwan ya ishe shi tunda kaki yana narkewa ne a wajen digiri 63, bai ko kai zafin tafasar ruwa ba. Kaki ake fara sawa, sai ruwan mai, man kaɗe a ƙarshe. Kafin ki juye a robobi ki tsoma bayan cokali mai sanyi a ciki, nan take zai daskare a jikin cokalin ki shafa ki ji, in ya yi tauri ki ƙara mai in ya yi ruwa ki ƙara kaki. Wanda za a sayar a watan Maris ko Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu dole a ƙara masa kaki, in ba haka ba a jaka zai narke ya ɓata wa mutane hijabi su dawo miki da faɗa. Sannan man kaɗe in ya huce a hankali yana yin tsaki tsaki a baki, maganinsa da kin juye ki sa a firij ko ki jera robobin kusa da randa su yi saurin kamawa.

Zuma kuwa a bar ta. Na san kowa na so ya rubuta "da zuma" a jikin roba don ya ja kasuwa, amma zuma da mai ba sa haɗuwa, bayan kwana biyu za ki ga ta kwanta a ƙasa ko tana tsattsafowa ta gefe.

Toh yanzu ga inda gizo ke saƙar, kala. Abin da ake ta yaɗawa shine a daka zoɓo ko a busar da bitirut, wato wata jar saiwa ta kayan lambu, a niƙa a zuba, wai kala daga Allah. Gaskiya ne ba sa cutarwa, amma jan da ke cikin zoɓo da bitirut a ruwa yake narkewa, baya narkewa a mai ko za a kwana ana juyawa. A roba zai yi kyau ja wur, a shafa a leɓe ba kala sai gari gari yana kartar baki. Da mace ta ga haka sai ta ce bari in jiƙa zoɓon in zuba ruwansa, ko ta ɗauko kalar abinci ta ruwa irin ta kek ta ɗiɗɗiga, toh kin ga ruwa ya shiga kenan, kuma man da ruwa ya shiga ba tare da maganin hana lalacewa ba funfuna zai yi, wani lokaci tun kafin ido ya gani ƙwayoyin cuta sun riga sun zauna. Manja shi kam kalarsa tana bin mai, ɗigo kaɗan yana ba da ruwan lemo mai haske, sai dai warinsa. Kurkur rawaya yake bayarwa kuma yana rina fata, ban ga mai son leɓe rawaya ba.

Hanya mafi sauƙi ga mai yi don kanta ita ce guntun jambakin da ya kusa ƙarewa, na kamfani sananne mai lambar NAFDAC, ki ƙwaƙulo ragowar da tsinke ki jefa cikin man yana da zafi, zai narke tas ya ba ki kala daidai yadda kike so, kaɗan in kina son a ɗan ga alama kawai. Mai yi don sayarwa kuma ba za ta ɗauki jambakin da ta yi ta gogawa a bakinta ta sayar wa mutane ba, haba, ƙurajen nan da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi ta haka ake ɗaukarsu. Ita sai ta nemi garin kala na kwalliya irin su maika, wanda aka rubuta ƙarara a jikinsa cewa an yarda a sa a leɓe, don ba duk kalar da ta halatta a sabulu ko a saman ido ce ta halatta a baki ba. A fara dama garin da ɗan mai a cokali ya zama kamar kwaɓi kafin a zuba, in ba haka ba zai dunƙule.

Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto shine wanda na gani da idona. Wata yarinya 'yar maƙwabta, ba ta wuce aji uku na sakandare ba, ta sayo irin wannan man a wajen biki, 'yar roba ce ba suna ba lamba ba komai, ja ne mai ƙyalli har yana ɗaukar ido. Washegari leɓen ya kumbura, gefen bakin ya yi jawur yana saɓa, ko kunu da ƙyar take kurɓa. Uwarta ta kawo min robar in duba, na lakata na goga a bayan hannuna, na wanke da sabulu har da soso jan nan bai fita ba sai da ya kwana. Kalar kwalliya ba ta haka, wannan rini ne. Da aka bi diddigi mai haɗawar ta ce ita dai a ƙulle a leda ta sayo garin a kasuwa, mai shagon ya ce mata yana yi, kuma ba mugunta ta yi ba wallahi, haka aka koya mata a wajen koyon sana'a na kwana ɗaya da ta biya kuɗi ta shiga. Akwai masu sa galura ta rinin kaya, akwai masu narka kirayon na yara don sun gani a bidiyon Turawa, alhali kamfanin Crayola mai yin kirayon da kansa ya fito ya ce kar a yi kwalliya da kayansa ba don haka aka yi su ba.

Kumburi ma da sauƙi tunda ana gani a daina. Wanda ba a gani shine dalma, don kalolin fenti da na masana'antu wasu da ita ake yinsu, ba ta da ɗanɗano ba ta da wari, taruwa take a jiki a hankali, ta fi illa ga yara da mai ciki don ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin dalma ba, a 2010 yara sama da 400 ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara ta dalilin niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Ko kwallin da muka gada kaka da kakanni, a 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Hukumar abinci da magunguna ta can a 2016 ta ce kar dalma a jambaki ta wuce kashi 10 cikin miliyan, mu kuwa garin da aka ƙulle a leda waye ya auna shi? Ga shi uwa ta shafa ta sumbaci jaririnta, ƙanne su ɗauka su lashe don yana ƙamshin alawa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu sayar da wanda suke cewa yana mayar da leɓe ruwan hoda har abada cikin sati ɗaya, maza ma yanzu sun shiga layi. Jama'a babu kakin zuma ko man kaɗen da ke canza launin da Allah ya halicci mutum da shi, in dai ya canza to an sa wani abu mai cin fata, ko man bilicin ko irin maganin shafawar nan mai sitiroyid da ake saya a kemis, leɓen ya yi ja don fatar ta siraɗe ne, da an daina ya dawo ya fi da baƙi. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, wancan a fatar jiki kenan, ina ga a baki. Baƙin leɓe ba ciwo ba ne, iyayenmu da fure da goro suka yi ta ado abinsu ba wanda ya ce musu ba su da kyau.

Wani abin da ya kamata mace Musulma ta sani, akwai jan kala mai suna kamin da ake samu daga jikin wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa a kan wata shuka mai ƙaya a ƙasashe irin su Peru, a jikin kaya ana rubuta shi CI 75470 ko E120, yana cikin jambaki da yawa. Malamai sun yi saɓani a kansa, wannan ba fagena ba ne kowa ta tambayi malaminta, amma haƙƙin mai saye ne a faɗa mata yana ciki. Haka man kirfa da na na'ana'a da kafur da ake sawa don a ji yaji yaji a ce yana aiki, su ma suna ƙara busar da leɓen wasu, turaren jiki kuwa sam bai da wajen zama a man baki.

Roƙona ga masu haɗawa, ko da 'yar takarda ce a manna a rubuta abin da ke ciki da watan da aka haɗa, a wanke robobi a bar su su bushe ƙarau kafin a zuba, wanda ya fara warin tsohon mai a zubar. Masu koyar da sana'a da ƙungiyoyin da ke tara mata a ba su horo, a daina tsayawa a kan awo da ribar da za a ci, a ware lokaci a kan kala kaɗai. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata 6 don a riƙa sarrafa shi a gida, tunda mu ne kan gaba a duniya wajen samar da shi amma ribar wasu ke ci, toh ai irin waɗannan matan ne masu sarrafawar, a nemo su a nuna musu inda za su samu kala mai takarda a Kano da Kaduna ba sai sun yi oda daga Legas ba.

Kai kuma Malam Edita, dan Allah ka tura wakilinku ofishin NAFDAC ya tambayo mana dalla dalla yadda mai ƙaramin jari da ke aiki a ɗaki ɗaya za ta yi rajistar kayanta, nawa ake biya, wane takardu ake nema, a buga mana da Hausa, don da yawanmu tsoron zuwa muke, gani muke kama mu za a yi.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jarida.

Mai karanta ku kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.