Baba ba kunnen uwar shegu yake yi ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ya ci mana shekara shida a gidanmu kafin mu kamo bakin zarensa: raunin ji, da gudun da mutanenmu ke yi wa na'urar nan da ake saƙalawa a kunne don ƙara ji.

Mahaifina ya yi fiye da shekara talatin yana aikin injin niƙa. Duk wanda ya taɓa kai markaɗe ya san ƙarar da ke cikin rumfar nan. Minti biyar za ka yi ka fito kunnenka na ƙugi, shi kuwa tun hantsi har la'asar sakaliya yake ciki, babu abin toshe kunne. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana ɓata ji idan mutum na wuni a cikinta awa takwas kullum, injinan niƙanmu kuwa sukan wuce haka. Jin nasa a hankali ya riƙa zarewa, har mu da ke gida ɗaya ba mu farga ba. Rediyo ya soma ƙurewa. Daga nan sai ƙorafi, wai yaran yanzu ba sa buɗe baki idan suna magana. Ashe siraran sauti ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f", shi ya sa muryar mata da ta yara ta fi ba shi wuya. Yana jin ana magana, kalmomin ne ba sa fita.

Mutanen unguwa suka ce girman kai ya shige shi, a gaishe shi ya wuce. Mu a gida muka ce kunnen uwar shegu yake yi. Allah ya yafe mana. Ranar da ba zan manta ba ita ce da wani maƙwabci ya zo ya shaida masa rasuwar ƙaninsa, Baba ya yi murmushi ya ce, "To, madalla." Da aka fahimtar da shi abin da aka faɗa, sai da ya yi kwana biyu bai fita ƙofar gida ba. Tun daga nan ya janye daga majalisarsu ta bayan magariba. A masallaci ma, na ji daga bakin yayana, sai ya riƙa satar kallon na kusa da shi kafin ya san liman ya yi ruku'u.

Na ce masa, "Baba, mu je asibiti a gwada kunnen nan." Ya ce, "Uwata, so kike a riƙa nuna ni ana cewa ga kurma? Tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani."

A ganina wannan amsa ita ce tushen matsalar, kafin ma a zo kan kuɗi. Kalmar kurma tana da nauyi a bakinmu. Da ita ake zagi, da ita ake tsokanar yaro in aka kira shi bai amsa ba. Dattijo zai sa tabarau ya zauna a gaban jama'a, a ce malam ne, mai karatu ne. Amma ya saƙala na'urar ji, gani yake ya rataya wa kansa allon nakasa. Ido da kunne duk gaɓoɓi ne, duk kuma suna gajiya. Matasanmu wuni suke da abin sauraron waya a kunne, har a kan babur, babu mai kallonsu sau biyu. Mu ma iyalai muna da laifi, don mu ne ke taya su ɓoyewa. Mu ɗaga murya, mu amsa tambaya a madadinsu, mu ce wa baƙo "barci yake" alhali yana zaune a ɗaki.

Sai kuma abin da ya mayar da mu baya da shekara biyu cur. Yayana, da kyakkyawar niyya, ya sayo wata 'yar na'ura a wani shago a kasuwa, babu gwaji, babu likita. Baba ya sa ta don kada ya watsa masa ƙasa a ido. Fito take yi a kunne, ƙarar cokali a kwano ta zama kamar maƙera, hon ɗin Keke Napep kamar zai fasa masa kai, maganar mutane kuwa tana nan a dagule. Kwana biyu ya jefa ta cikin akwati, ya kuma gaya wa duk abokansa cewa abin nan yaudara ce. Araha ba ta ado. Irin waɗannan lasifika ce kawai ƙarama, komai take ƙara wa ƙarfi, har sautin da kunnen ke ji sarai. Ta gaskiya sai an auna kunne ɗaya bayan ɗaya, an ga sautin da ya ɓace da wanda ya rage, sannan a saita ta daidai da mai ita. Na tabbata tsoffi da yawa da ke rantsuwa cewa na'urar ji ba ta aiki, irin ta kasuwar nan suka gwada. Daga nan ne ma nake zaton jita-jitar nan ta samo asali, wai tana ƙarasa kashe ɗan jin da ya rage. Wadda ƙwararre ya saita ba ta yin haka.

Kuɗi ma gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Mai kyau takan kai ɗaruruwan dubban naira, ga batir ɗinta ɗan mitsitsi da ke ƙarewa cikin kwanaki zuwa mako biyu, wanda ba a kowane kanti ake samu ba, ga ƙurar hunturu da gumin bazara da ke toshe ta. Masu gwajin kuma a manyan birane suke. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne a duniya ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma cikin waɗanda na'urar za ta amfana, kashi 17 cikin ɗari kacal ke amfani da ita. Idan haka abin yake har da ƙasashe masu arziki a cikin lissafin, ina ga mutumin ƙauye da zai yi kuɗin mota sau uku ko huɗu kafin a gama saita masa?

Abin da ya fi damuna shi ne wasu ma ba na'ura suke buƙata ba. Datti ne ya toshe kunnen, ko ciwon da ke sa shi zubar da ruwa, wanda magani zai warkar. Amma tsoron a ce musu kurame ya hana su zuwa a duba, sai a zauna ana ɗiga man ja, ana sakace da tsinken ashana ko gashin kaza har a huda dodon kunne. Ga allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai a kemis, alhali suna iya kashe ji har abada. Ga waɗanda sanƙarau ya bari da rai ya tafi da jinsu, kamar a annobar 1996 da ta ratsa Arewa, yanzu magidanta ne.

Jira kuma ba kyauta ba ne. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2020 cewa raunin ji da aka bari ba kulawa yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa, kuma yana cikin waɗanda za a iya magancewa. Ni na ga farkon hanyar da idona. Mutumin da ya fi kowa hira a layinmu ya koma mai zama shiru yana kallon bango, har wasu dangi suka fara raɗe-raɗin ko ya soma rikicewa.

Ba hujjojina ne suka karya masa taurin kai ba. Ranar saukar Alƙur'anin jikarsa ce, wadda shi ya fara ɗora mata alifun da bakinsa. Aka zaunar da shi a sahun gaba, yarinya ta ɗauki allo ta yi karatu, jama'a na kabbara, shi kuwa leɓɓanta kawai yake kallo. Da dare ya kira ni ya ce, "Uwata, yaushe za mu je wurin likitan nan?"

Muka haɗa kuɗi mu 'ya'yansa biyar. Aka saita masa na'urar, amma makonnin farko bai ji daɗinta ba. Ya ce muryarsa ta zama baƙuwa, ya ce takun takalminsa na damunsa. Mai gwajin ya riga ya gaya mana haka za ta faru, domin ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ba ta jin waɗannan sautuka sai ta sake sabawa, don haka ya fara da 'yan awoyi a cikin gida yana ƙarawa. Da ba a faɗa mana wannan ba, da ita ma tana cikin akwati. Jinsa bai dawo kamar na ƙuruciya ba, a taron biki har yanzu yana shan wuya. Amma ya koma majalisa, yana gyara wa jikoki hadda, ko da yake ranar Juma'a har yau sai ya ja hula ya rufe ta kafin ya fita.

Malam Edita, ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya. Ina roƙon ka tura wakilinka Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro na ɗaya daga asibitocin koyarwa, ya tambayo mana da Hausa: ina ake gwaji, nawa ne, ina ake samun batir da gyara, yaya kuma mutum zai bambance ta gaskiya da ta kasuwa. Ku nemo dattijo mai mutunci da ke amfani da ita, wanda zai yarda a ɗauki hotonsa da ita a kunne. Sannan wakilin ya biya ta rumfunan niƙa da wurin masu walda da masu janareto, ya ga ko akwai yaro ɗaya da maigidansa ya saya wa abin toshe kunne.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Zariya.