Sanarwa Kan Dokar Karon Jiragen Ruwa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma za mu zauna mu tsayar da dokar karo kafin a fara wasanmu na yaƙin ƙananan jiragen ruwa da ake yi da dayis da rula, domin gardamarta na cinye mana lokaci. Ga abin da za a tattauna a kai.

Da zarar gindin jirage biyu ya taɓa, mai tafiya ya tsaya cak a wurin, sauran tafiyarsa ta faɗi. Kowane ɓangare ya jefa dayis ɗaya. In jimillar ta kai 8, igiyoyinsu sun sarƙe: babu mai motsi da kansa, iska ce za ta riƙa tura su tare santimita 2 kowane zagaye, sai wani ya jefa 5 ko 6 su rabu. A wannan halin ne kaɗai aka yarda mayaƙa su tsallaka jirgin abokin gaba.

Wanda ya kai karo da goshi shi ma zai ɗauki lahani 1. Wannan a ganina dole ne, in ba haka ba kowa zai bar igwa ya koma tunkuyi.

Kowa ya zo da rula da dayis. Mai gyara ya rubuto nan kafin daren Juma'a.

Allah ya kai mu lafiya. Na gode.