Kafin ka sayi motar gayu a hannun maƙwabci, ka leƙa ƙarƙashinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da matasanmu na karkara, tunda kaka ta yi, an sayar da riɗi da zoɓo da shinkafa, kuɗi ya ɗan zauna a aljihu. Mu makanikai ne, kuma akwai tambayar da ke yawan shigowa gareji a irin wannan lokaci: maƙwabci ya sa motarsa a kasuwa, irin mai ƙofa biyun nan da ke kwance da ƙasa, mai rurin salansa, ya kuma karya mata kuɗi, a saya ko a bari? Yawanci Honda Accord ce mai silinda shida, ko Toyota Solara, wani lokacin tsohuwar BMW ko Marsandi da wani ɗan gari ya taho da ita daga Abuja ko Legas.

Ga wanda gidansa ke bayan kwalta, shawararmu a bari. In kuwa rai ya riga ya biya, to a bincike ta kamar a hannun baƙo aka gan ta. Abin da ke kashe mutane a cinikin maƙwabci kunya ce: mai saye ya ji nauyin kiran makanike kada a ce bai yarda da Alhaji ba, mai sayarwa ya yi shiru tunda ba a tambaye shi ba, bayan wata biyu a daina gaisawa a masallaci.

Mu fara da hanya, domin ita ce alƙalin wannan mota. Waɗanda suka ƙera ta kwalta mai santsi suka yi wa. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 13 ko 14 ba, taƙi ɗaya ma bai cika ba, kuma in mutum uku suka zauna sai ta ƙara kwanciya. Hanyarmu ta burji kuwa, tayoyin manyan motoci da amalanken shanu sun haƙa kwari biyu sun bar tudu a tsakiya. Wannan tudun, da tudun rage gudu da ake yi a bakin kowane gari, su ne ke dukan kaskon baƙin mai. A yawancin irin waɗannan motoci kaskon na alminiyam ne, ba ya lotsawa kamar na ƙarfe, tsagewa yake yi. Mai ya tsiyaye, jar fitila ta kama, direba ya ce bari dai in ƙarasa gida, kafin ya ƙarasa inji ya buga. A yashin Ɓaɓura da Maigatari da Sule Tankarkar kuma, cikin motar ke zama a kan rairayi tayoyi su yi ta juyi a banza. Da damina, a yankin Haɗeja da Auyo da Ringim, wata matsalar ce daban: bakin da inji ke shaƙar iska yana ƙasa-ƙasa, in ya zuƙi ruwa sandar fistin ke lanƙwashewa, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Wanda motarsa ta mutu a cikin ruwa kada ya sake murza makulli, a tura ta waje a kwance fulogai tukuna.

Sai taya. Duba rubutun gefenta. In ka ga 225/45 R17, ma'anarsa faɗinta milimita 225, tsayin gefenta kuma kashi 45 cikin 100 na faɗin, wato kusan santimita 10. Ta ƙaramar mota da aka saba da ita, 195/65 R15, gefenta ya kusa santimita 13. Wannan ɗan bambancin shi ne katifar da ke tsakanin rami da wili. Siririyar taya in ta faɗa rami sai ta yi ƙulu a gefe ko wilin ya tsage, kuma mai facin ƙauye ba ya ajiye irinta, sai an aika Kano. A nan gefen ne kuma za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan 2318 ne, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida, komai kyan zanenta, ka sa kuɗin sabuwa a lissafi, guda huɗu.

Kafin ka taɓa inji, nemi takardu, kuma na asali. Takardar kwastan, shaidar mallaka, lasin mota, inshora, da takardar cinikin da shi maƙwabcin ya saya da ita. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya kana dubawa da ta takarda. Harafi ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar an goge an sake bugawa, tashi ka kaɗe rigarka. Motoci da yawa sun shigo ta kan iyaka ba a biya musu kwastan ba, suna yawo lafiya a ƙauye, ranar da ka hau babban titi a tare ka. Lambar motar ma ana iya tantance ta a shafin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta waya. In gilasanta masu duhu ne, tambayi izinin 'yan sanda.

Yanzu gwaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zo da makanikenka, ba wanda ya saba gyara wa mai motar ba, kuma ku zo da sassafe kafin a tayar da ita. Ka ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi an riga ka, ka dawo gobe. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Murza makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji, ta mai, ta birki da ta jakar iska duk su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin salatif. Mutum ɗaya ya tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi inji na shan baƙin mai. Baƙin hayaƙi fetur ya yi yawa, nozul ko na'urar auna iska. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa na shiga silinda, gaskit ya ƙone. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa da mai sun haɗu. Tun inji na da sanyi a buɗe lagireto a tayar, in ruwan na tafasa ƙwai-ƙwai ba fasawa, maganar gaskit ce dai.

A nan za mu ɗan tsaya, domin laifin wasu 'yan'uwanmu makanikai ne. Mota ta fara zafi, maimakon a nemo dalili sai a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyi daga murza makulli, a cika lagireto da ruwan rijiya. Zafin ya ɓuya, cutar tana nan. Injin da ba ya kai zafinsa na ƙa'ida ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, ruwan rijiya kuma yana toshe lagireto da kanwa da tsatsa. In ka ga fanka na juyi inji na da sanyi kuma ba a kunna na'urar sanyi ba, ka san an taɓa wajen. A BMW abin ya fi muni, domin tankin ruwanta da wasu mahaɗai na roba ne, zafin Afrilu da Mayu na busar da su su fashe ba sallama. Ku bar motar tana aiki a tsaye minti 30 da rana tsaka, na'urar sanyi a kunne, ido a kan allurar zafi.

Giya ita ce inda kuɗi ke tafiya. Taka birki ka sa D, ka sa R. Ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. Ku hau kwalta aƙalla kilomita 15, domin wata giyar sai ta yi zafi take nuna halinta: inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, ko ta fizga tsakanin ta biyu da ta uku. Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004 an san ta da wannan ciwon tun a Amurka. Zaro sandar man giya ka goga a farar takarda. Ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna ka haƙura. Honda kuma man giyarta take so, DW-1, ba kowane jan mai na bakin titi ba.

Wannan injin na Honda mai silinda shida bel ne ke tafiyar da tayimin ɗinsa, ba sarƙa ba. Ana canja shi wajen kilomita 160,000 ko shekara bakwai, tare da famfon ruwa da abin da ke ɗaure shi. In ya tsinke a guje, fistin da bawul ke karo, sai sauke kan inji. Tambayi maƙwabcin yaushe aka canja. In ya ce bai sani ba, ɗauka ba a taɓa ba. Kada kuma lambar tafiya ta ruɗe ka. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka 120,000 a allo ya haura kilomita 190,000. Ana ma mayar da lambar baya. Robar feda da fatar sitiyari da kujerar direba sun fi allo gaskiya.

Daga nan a hau ramin gareji ko a ɗaga ta da jak. A girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama. Boljoyin ɗin ƙasa na Honda in ya gaji ba ya dogon gargaɗi, tayar gaba ce kawai za ta kwanta a tsakiyar titi, kowa ya sha ganin irinta a gefen hanya. A duba shokazoba ko tana zubar da mai, a duba kaskon mai ko an shafe shi da gam, a ƙwanƙwasa tukunyar salansa a ji ko an kwashe abin da muke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki, an sayar. Motar gayu kuma da wuya a ce matashi bai taɓa wasa da ita a wajen biki ba. Ɗauki maganaɗisu ka bi ƙofofi da gefuna, inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe an cika da fila. Buɗe bonet ka dubi ƙarafan gaba ko akwai walda ko lanƙwasa. Ɗaga kafet ka shinshina, tsatsa a ƙafar kujera da busasshen taɓo a ramin safaya alamar ta taɓa nutsewa ne, kuma wayoyin irin wannan ba sa daina ba da wahala. Kuɗin sa mata kwamfutar gano laifin mota a Kano ko Dutse kada ya yi maka yawa. Ka ce wa mai na'urar ya duba ko an goge laifuffukan kwanan nan, yana iya gani.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lissafin mai ya zama wajibi. A ƙiyasinmu, mai silinda shida a hanyar ƙauye tana yin kilomita 7 zuwa 8 da lita ɗaya, ƙaramar mota mai silinda huɗu kuwa 11 zuwa 12. Kada ka tsaya ga faɗarmu ko ta mai motar: ku cika tanki, ku yi tafiyar kilomita 100, ku sake cikawa a famfo ɗaya, lita nawa ta ci ita ce amsa. Baƙin mai ma haka. Honda ɗin na cin lita huɗu da 'yan kai, BMW mai silinda shida lita shida da rabi, Marsandi har lita takwas, wato galan biyu a kowane juye. A yawancinsu fulogi shida ne, koyil shida. Da yawa daga na Turai an yi su ne don fetur mai daraja sama da wanda gidajen manmu ke sayarwa, balle na 'yan bumburutu da ke cikin jarka a rana.

Kafin a yanke ciniki, buga waya Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ka tambayi kuɗin abu biyar: giya 'yar Beljiyam, fitilar gaba ɗaya, gilashin ƙofa, bamba, da ƙwaƙwalwar inji. Mai ƙofa biyu ba ta haɗa ƙofa da gilashi da fitilun baya da 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu, wani kayan sai an jira shi daga Ladipo a Legas. In jimillar ta kai rabin kuɗin motar, ka gane dalilin arahar. Ka tuna kuma ranar da za ka sayar. A karkara mai neman mota yana son wadda za ta ɗauki iyali, buhu biyu na gero, ko mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Gwada shigar da tsohuwa kujerar baya ta mota mai ƙofa biyu ka gani. Kuɗin da zai sayi wannan zai kusa sayen tsohuwar Corolla ko Golf, waɗanda kayansu ke kowace tasha.

Ga shi maƙwabcin kuma, Alhaji, in kana karantawa: addini ya ɗora maka faɗin aibin abin da kake sayarwa, an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu. Ka faɗi abin da ka sani a gaban shaidu a rubuta, ka huta da ƙorafin gobe.

Wanda gidansa ke bakin kwalta, yana da wata motar ko babur na zirga-zirgar yau da kullum, makanike ya duba ya ce bismilla, kuma bayan ya biya zai rage masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar don gyaran farko, wannan yana iya saye. A rubuta takardar ciniki da sunan kowa, lambar shasi, lambar inji, kuɗin da aka biya, aibin da aka ambata, da rana da sa'ar da aka miƙa makulli. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa. Idan biyan na kashi-kashi ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara ta riga ta ce a rubuta bashi da wa'adinsa, a kuma fayyace wa ke da alhakin gyara in ta lalace kafin a gama biya. A biya ta banki domin shaida ta zauna. Cikin makon da aka saya a je ofishin lasin a mayar da takardu sunan mai saye, a kuma juye baƙin mai, a canja matatar mai da ta iska kafin a yi doguwar tafiya da ita.

Wassalam.

Naku,
Wasu makanikai daga Ringim, Jihar Jigawa