Godiya Ga Ma'aikatan Gidan Tarihi Na Badagry

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikatan Gidan Adana Kayan Tarihi na Badagry, Jihar Legas.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a bainar jama'a domin in gode muku bisa ɗawainiyar da kuka yi da ɗaliban tarihi da muka kawo daga Sakkwato, musamman yadda kuka fito da mu daga ɗakunan nuni kuka bi da mu tituna, kuna bayyana asalin kowane gini.

Jagoran da kuka haɗa mu da shi ya fara ne da ginin ofishinku, wanda Turawan mulkin mallaka suka gina a 1863 domin jami'in gunduma. Daga nan ya kai mu gidan benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, sannan muka tsaya a hasumiyar da aka kafa a gurbin bishiyar Agia, inda ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a 1842. Bishiyar ta faɗi tun 1959.

Abin da ya fi ratsa zukatan yaranmu shi ne labarin Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe. Sun san ya rasu a yankin Sakkwato a watan Afrilun 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma da yawansu a ranar suka fara jin cewa daga Badagry ya kama hanya a watan Disambar 1825, kuma nan hadiminsa Richard Lander ya dawo bayan rasuwar maigidansa, har aka sa shi shan guba domin ya wanke kansa daga zargin leƙen asiri da fataken bayi suka yi masa, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Na kuma yaba da gaskiyar da jagoran ya faɗa a gidan Seriki Williams Abass, wani attajiri mai fataucin bayi, inda aka riƙa tsare bayi a ɗakunan da taga ɗaya ce tak a can sama. Bai ɗora wa Turawa laifin su kaɗai ba, ya ambaci rawar da attajiran gari suka taka, lamarin da masu yi wa baƙi jagora kan kauce masa. Bayan mun haye ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ya sa ɗaliban suka taka yashi da ƙafa har bakin teku, ta hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen ruwa.

Roƙona ɗaya shi ne ku duba yiwuwar rubuta bayanan allunan da Hausa, domin amfanin baƙi daga Arewa da Nijar. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙwarin gwiwa.

Naku,
Malamin tarihi daga Sakkwato