Ina yaran suke a shirinku na maganin ƙwari?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na daren Laraba, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Baƙonku ya yi ta nanata cewa a riƙa karanta rubutun jikin kwalba, sai ka ce mai goye da famfon feshi ne kaɗai gubar ke samu. Ko sau ɗaya bai ambaci yara ba.

Ni malamin firamare ne. Wata safiya ina tsaka da darasi, wani yaro ɗan aji huɗu ya kifa kai a kan benci. Na daka masa tsawa, a zatona lalaci ne. Da na ɗago shi sai na ga rigarsa sharkaf da zufa, yawu na dalala, hawaye na zuba alhali ba kuka yake ba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar tsinin allura. Ashe kafin ya taho ya taya mahaifinsa dama maganin feshi da hannu, ya zo da rigar a jikinsa. Abokin aikina ya ruga neman madara. Allah ya kiyaye ba mu ɗura masa ba, domin likita ya ce madara ba ta karya wannan guba, kuma tana iya faɗa wa yaron huhu. Abin da ya kamata mu fara yi shi ne mu tuɓe masa rigar, mu wanke shi da ruwa da sabulu, mu garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Allurar atirofin ce ta zama sanadin tashinsa. Har yau tsawar nan tana ci mini rai.

Magungunan ƙwari na rukunin da ake kira organofosfet ba sai an sha ba, ta fata ma suna shiga su rikita jijiyoyi. Tarayyar Turai ta haramta ɗaya daga cikinsu, kulofirifos, a 2020, saboda illarsa ga ƙwaƙwalwar yara. Me ya hana baƙonku faɗin wannan?

Tun daga ranar nake zana wa ɗalibaina layin launin da ke ƙasan kwalba a kan allo: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A minti goma suka haddace. Mako na zagayowa wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jarkar da muke zuba ruwan sha a gida tana da jan layin." Iyayenta ba su iya karanta ƙananan baƙaƙen nan ba, ita kuwa ta ga ja. Ku sake shirin nan, ku gaya wa mutane a ɗauraye mazubin sau uku, a huda shi, kada ya koma ɗakin girki.

Sannan don Allah ku daina katse masu kiran waya saboda talla. Sau uku na samu layi, sau uku ana yanke ni ban gama sallama ba.

Naku,
Wani malamin firamare