Dafin kububuwa ma abin bincike ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Daminar bara kububuwa ta sari ɗan yayana a gonar hatsi kusa da Tawa. Jini ya yi ta zuba daga dasashinsa, muka kwana neman allurar dafi. Allah ya ba shi lafiya, amma abin bai bar raina ba.

Tun 2004 Amurka ta amince da Prialt, maganin matsanancin raɗaɗi da aka samo daga dafin wata katantanwar teku. Captopril ɗin da tsofaffinmu ke sha don hawan jini ma, daga binciken dafin wani macijin Burazil ya samo asali. Ba mu da teku, amma kunama da kububuwa sun cika mana gonaki. Ina roƙon hukuma ta ba masanan Jami'ar Abdou Moumouni kayan aiki, su binciki namu dafin.

Wani malamin makaranta, Tawa