Kun fara tarihin ƙungiyar daga tsakiya

Zuwa ga shugaban sashen shirye-shiryen Hausa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi wanda kuka keɓe wa ƙungiyar manyan ƴan kasuwar garinmu Tawa, kuma ba zan ɓoye maka ba, na kashe rediyo raina a ɓace. Na kasa kunne tun daga sallama har zuwa kiɗan rufewa ina jiran in ji an ambaci dattawan da suka kafa ta, ko da a dunƙule ne, amma mai gabatarwa da baƙinsa biyu suka ɗauko labarin daga ranar da hukuma ta ba da takardar izini, sai ka ce kafin a buga hatimin nan babu wanda ya san haƙƙin maƙwabci a kasuwar Tawa.

Ni ɗan ɗaya daga cikin dattawan nan ne, kuma abin da zan faɗa da idona na gan shi. A shekarar 1984 damina ta ƙi, hatsi ya bushe a gona tun bai fidda kai ba, ga shi kuma Najeriya ta rufe iyakokinta tun watan Afrilu, abin da ya sa har gobe mutanenmu ke kiran wannan yunwa El-Buhari, da sunan Janar Buhari da ke mulkin Najeriya a lokacin. Abincin da muka saba gani yana shigowa daga Illela ta Birnin Ƙonni ya yanke, sai ɗan abin da aka sulalo da shi ta daji. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare a wajen Abalak suka kwararo gari suka zube a bayan kasuwa, mata kuwa suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin kai wa baki. A cikin wannan hali ne mutum bakwai suka fara zama a rumfar mahaifina bayan la'asar ta kowace Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, ana ajiye kwano mai murfi a tsakiyar tabarma, kowa ya tura hannu ya saka abin da ya sawwaƙa ba tare da na kusa da shi ya gani ba. Wanda cinikinsa bai yi ba a wannan mako sai ya ce a aika mangazarsa a ɗauko rabin buhu.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, saboda haka mahaifina ne ke riƙe da littafi yana rubutawa da ajami, ni kuma da nake ɗan shekara goma sha huɗu ina aji ake zaunar da ni a gefe in haɗa lissafi. Doka ɗaya suka kafa, ita ce ana rubuta yawan tiyar da ta fita amma ba a rubuta sunan gidan da ta shiga. Baƙin da ke bayan kasuwa ana auna musu da rana, amma magidantan cikin gari waɗanda kunya ba za ta bar su su tsaya a layi da ƙwarya ba, sai bayan isha'i ake ɗora wa jaki a kai musu. Ban manta da wata tsohuwa a unguwar Bilbis ba, wadda na sauke wa tiya biyar a zaure, ta kama hannun rigata ta ce sai na gaya mata wanda ya aiko. Na ba ta amsar da aka koya mini, cewa Allah ne ya aiko, ta sake ni ta zauna a kan buhun ta rufe fuska da mayafi. Na koma gida na tarar da tuwonmu ma an rage masa auki a daren.

Zaman nan bai watse ba da ruwa ya dawo. Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 magani ya gagari talaka, daga wannan kwanon aka riƙa biyan kuɗin mota ga marasa lafiyar da za a kai asibitin Galmi, kuma a 2005, bayan fara ta cinye amfanin gona, an sake fiddo tiya. Daga baya ne ƴaƴanmu masu ilimin boko suka shigo, suka nemi takarda, suka buɗe ofis da asusu a banki. Ban raina ƙoƙarinsu ba, domin azuzuwan da suka gina da rijiyoyin da suka lissafa a shirinku duk na san wurarensu, na kuma sha ruwan ɗaya daga ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ɗaya daga cikin baƙin ya ce sun ɗauko tsarin ne daga ƙungiyar Rotary, ya kawo yadda wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a birnin Shikago na Amurka a 1905. Ba ni da ja da wannan tarihi, kuma na san tun 1985 Rotary ta sa ƙarfinta a yaƙi da shan inna, har aka kai ga shelar da aka yi a watan Agustan 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Jikokina ma an ɗiga musu maganin a baki. Sai dai ina tambaya, Malam, yaya aka yi baƙonku ya riƙe labarin mutum huɗu da suka zauna a wani ofis a Amurka shekara ɗari da ashirin da suka wuce, amma ya kasa tuna mutum bakwai da suka zauna a kan tabarma a kasuwar da shagonsa yake? Kuma yaya aka yi ma'aikacinku, wanda harshensa ya nuna ɗan yankinmu na Adar ne, bai tambaye shi abin da aka yi kafin takarda ba?

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da cewa kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin hira ya yi yawa, mu da kunnenmu ya fara nauyi sai mun manna rediyo a kumatu kafin mu tsinci magana.

Roƙona shi ne ku sake wani shiri ku gyara. Biyar daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya, har da mahaifina, Allah ya jiƙansu da rahama. Biyu suna raye, ɗaya ba ya gani sosai amma hankalinsa garau yake, kuma yana iya kawo muku labarin daki-daki idan aka same shi da hantsi. Littafin ajamin yana hannuna, gara ta ci gefensa amma rubutun yana karantuwa, kwanon ma yana nan a ɗakin mahaifiyata. Idan kun turo wakilinku, ya tambayi rumfar masu hatsi ranar Lahadi, zan kai shi da kaina.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Bilbis, Tawa